Man Gona a Tankin Bas

Garzali ya fizge bakin tiyon daga tankin bas ɗinsa, man ya fallatsar masa a takalmi. Ja ne, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ya dubi tankar da ke tsaye a tsakiyar garejin, tayoyinta duk taɓon gona, sannan ya dubi ɗan Nefal ɗin da ke kan famfo. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya nuna ofis da haɓa.

Kafin ya kai ofishin, Dikko ya fito. Shi ne shugaban direbobi a wannan kamfani da ke bayan Asian Town, kuma yayan Haulat ne, matar Garzali da ke gida a Funtuwa. Shi ya samo masa bizar zuwa Doha.

"Wa ya ce ka cire?"

"Yaya Dikko, wannan man gona ne."

"Sunansa na tambaye ka?"

Kowa a garejin ya san kafil, mai kamfanin da ya ɗauki nauyin bizarsu, yana da gona can arewa, inda ake ba shi dizal mai rangwame don taraktoci da injinan ban ruwa. Ana sa masa launi ne domin a gane shi, kuma sharaɗin a fili yake: ba ya hawa titi. Amma tun da aka fara gasar cin kofin duniya bas-bas ɗin ba sa hutawa, dare da rana suna jigilar masu gadi zuwa filayen wasa, sai mudir, manajan garejin, ya ga ga hanya mai sauƙi.

"In aka tare ni aka ɗebi man nan, lasin ɗina ne a hannunsu," in ji Garzali. "Ba na kafil ba, ba naka ba. Ni za a ɗaure, ni za a saka a jirgi."

"Wa zai tare ka? Duk 'yan sandan ƙasar nan suna can suna kallon baƙi. Yalla, maza mayar da tiyo."

"Ba zan mayar ba."

Dikko ya matso har Garzali ya ji warin shayin da ya sha. "Ka saba ai. Kai ne mai gaskiyar duniya. Ka yi mini a korona, yau ma za ka sake."

Maganar da ba ta mutuwa ke nan. Lokacin annoba, da aka rufe unguwarsu ba shiga ba fita, ɗaki ɗaya suke kwana su shida. Dikko ya kamu da zazzaɓi, ya ɓoye, yana ta haɗiyar ƙwaya yana danne tari cikin bargo. Garzali ne ya faɗa wa ma'aikatan lafiya. Aka tafi da Dikko, ya dawo ya tarar an bai wa wani kujerarsa, ya daɗe yana tuƙin motar ruwa kafin ya koma matsayinsa. Tun daga nan ba abin da ke haɗa su sai sallama, ita ma a daƙile.

Dikko ya miƙa hannu. "Makulli."

Garzali ya ba shi. Dikko ya juya ya kira Dramani, wani dattijon direba ɗan Kumasi da ya shigo garejin yanzu-yanzu, buta a hannu, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba.

"Baba Dramani, ka ɗauki wannan. Garzali ba shi da lafiya."

Dattijon ya karɓa, ya dubi Garzali da tausayi. "Sannu. Allah shi ba da sauƙi."

Garzali ya buɗe baki. Idon Dikko na kansa. Ya ce amin, ya kau da kai. Ɗan Nefal ya ƙarasa cika tankin ya rufe, bas ta fita.

Wankin mota aka sa shi. Ya wuni yana goge gilasai, direbobi na wucewa ba mai yi masa magana, don duk tankunansu cike suke da abin da ya ƙi. Wani ma ya tofar da yawu kusa da bokitinsa.

Bayan la'asar waya ta shigo ofis. Bas ɗin ta mutu a babban titi wajen Mesaimeer, cike da masu gadi. Man na gindin tanki ne, ruwa da yashi sun toshe filta. Ta tsaya ana tsakiyar cunkoson masu zuwa kallon wasa, ta tare hanya, 'yan sanda suka zo. Makanikin da suka kira ya kwance bututu, jan mai ya zubo a kan kwalta. Aka tafi da Dramani.

Nan take tankar gona ta ɓace daga garejin. Mudir ya shiga ofis da Dikko, aka ji muryar mudir kaɗai tana tashi. Da Dikko ya fito, fuskarsa ta yi fari fat. Ya ja Garzali bayan ɗakin janareta.

"Suna neman direban da aka san shi da motar. Kai ke nan. Za ka ce ka bar ta babu mai, Dramani ne ya je ya sayo a hannun wasu. Khalas, shi ke nan."

"Tsohon nan bai san komai ba."

"Tsohon nan ya gama aurar da 'ya'yansa. Ni fa? Wa ke riƙe da Inna? Wa ke kai ta asibiti?"

"Ka tuna da Inna da safe?"

Dikko ya cakumi wuyan rigarsa, ya saki. Ya ciro waya ya danna, ya yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, ya manna wa Garzali a kunne. Muryar Haulat ce.

"Baban Bilqis, me ke faruwa? Yaya ya ce za ka sa a kore shi."

"Ba haka ba ne, Haulat."

"To yaya ne? Don Allah ka rufa masa asiri. Na sha magana a gidanmu wancan karon, har yau Inna ba ta sakar mini fuska. In ka sake yi masa, ni ban san da wane ido zan shiga gidan nan ba."

Garzali ya miƙa wa Dikko wayarsa.

Motar kamfani ta kai shi da Dikko ofishin 'yan sanda. Ta taga Garzali yana ganin jama'a da tutoci da fenti a fuska, suna waƙa, suna nufar tashar jirgin ƙasa. A ciki, a kan wani dogon benci, Dramani na zaune, hularsa a hannu, an karɓe masa waya da lasin. Bai ɗago ba.

Aka kira Garzali wani ɗaki mai sanyi. Jami'in saurayi ne, ga alama ya gaji, akwai tafinta ɗan Sudan a gefensa mai jin Hausa.

"Wa ke zuba wa motar mai?"

"A gareji ake zubawa."

"Yau wa ya ba da umarni?"

Wayar Garzali ta fara rawa a aljihu. Ya san Haulat ce. Ya bar ta ta yi ta gaji. Sannan ya faɗi sunan Dikko, ya faɗi na mudir, ya kwatanta tankar da inda ta fito. Ya ce shi ya ƙi hawa, shi ya sa aka bai wa tsohon makulli. Tafintan ya dube shi na ɗan lokaci kafin ya juya maganar zuwa Larabci.

Da aka shigar da Dikko, sun haɗu a bakin ƙofa. Dikko bai zage shi ba. Ya tsaya dai ya ce, "Ka nemi mai yi maka biko," ya wuce.

Magariba ta kawo kai aka sallami Dramani, aka ce ya dawo da safe, lasin ɗinsa na hannunsu har a gama bincike. Garzali ya bi shi waje, ya sayo ruwa a shagon da ke gefe ya miƙa masa.

"Baba, na faɗa musu komai. Ba abin da zai same ka in sha Allahu."

Dattijon bai karɓi ruwan ba. "Sun karanta mini abin da ka ce. Ka ce ka ƙi hawa."

"Haka aka yi."

"Wato ka ga man tun da safe."

"Na gani."

"Na yi maka sannu, ka ce amin."

Ya sa hularsa, ya gyara mata zama, ya tsallaka titi zuwa masallaci. Garzali ya tsaya da robar ruwan a hannu har aka tayar da salla, sannan ya bi bayansa, ya tsaya a sahun ƙarshe.