Wata Shida a Jere

Shekara huɗu Bahago yana ɗinke bakin buhu a kamfanin fulawa, amma har yau sunansa ɗan wucin gadi. Ba katin asibiti, ba takarda, ranar da aka ga dama sai a ce kada ya dawo. Shi ya sa da aka kai ƙudiri majalisa, cewa duk wanda ya yi wata shida yana aiki dole a ba shi takardar dindindin, ya ari takalmin ƙaninsa ya tafi zaman jin ra'ayin jama'a. Minti uku aka ba shi. Ya nuna musu yatsan da allurar inji ta huda, 'yan kwamiti suka yi ta gyaɗa kai, ɗaya har da rubutu.

Bayan mako biyu sakataren ƙungiyar ma'aikata ya shigo ɗakin ɗinki da takarda, fuska ba annuri.

"Kwamiti ya gama gyara. Saura karatu na uku, sai sa hannu."

"To mene ne na ɓata rai kamar an aiko maka da mutuwa?" in ji Bahago.

"Duba nan. A da wata shida ne. Yanzu wata shida a jere."

"A jere? Uban wa ya sa?"

"Masu kamfanoni ma sun je, ɗan'uwa. Su ba minti uku aka ba su ba."

Kafin a tashi aiki, an manna sanarwa a jikin ƙofa: duk ɗan wucin gadi zai tafi hutun mako guda daga gobe, haka kuma za a riƙa yi duk wata biyar. Bahago ya ɓalle ta, ya nufi ofis, gari na zuba daga gashinsa.

"Ranka ya daɗe, ranar da matata ta haihu na roƙi kwana ɗaya ka hana. Yau ne tausayina ya kama ka?"

Manaja bai ko ɗago ba. "Doka muke shirin bi. Abin da littafin shiga aiki ya nuna, shi ne aikinka."

"Dokar da ko haihuwarta ba a yi ba, har kun haƙa mata rami!"

Washegari ƙarfe bakwai, Bahago ya tsaya a bakin ƙofar kamfani. Masu ɗinki suka tsaya bayansa, sai 'yan dako, sai matan shara, layi har ya sha kwana. Baba maigadi ya leƙo ta tagar ɗakinsa, littafin na gabansa.

"'Ya'yan nan, an ce kada in buɗe muku."

"Kada ka buɗe, Baba. Littafin kawai muke so. Sun ce a jere, to ga mu a jere."

Aka fashe da dariya, amma ban da Bahago.

"Baba, kai shekara nawa kake nan?"

"Tara."

"Da takarda?"

Tsohon ya dubi benen ofis, inda labule ya ɗan motsa. Ya ja tsaki, ya buɗe shafin ranar, ya fara sa hannunsa, sannan ya turo littafin ta taga.

Bahago ya karɓi biro da hagu, ya danna shi har sai da takardar ta huje.

"Na baya, matso."