Tarkon da Ya Ci Ƙafar Gurguwa

Shekara talatin da biyu ina ƙira, kuma duk abin da ya fita daga maƙerata sai na yi masa zane uku da magagari a gindi. Fartanya ce, lauje ne, wuƙa ce, duk ɗaya. Ina da girman kai a kan aikina, ba na musu. Matata ma cewa take da ana yi wa 'ya'ya zanen nan, da na yi wa nawa.

Autata ce ta samu aiki a gandun namun daji, tana zagayawa da baƙi. Wata uku na gwaji aka ba ta, saura mata sati biyu a tabbatar da ita ko a sallame ta. Shekara biyu yarinyar nan ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu. Ranar da za ta tafi na ƙera mata ƙaramar wuƙa ta rataya a ɗamara. Da ta aiko cewa in zo in ga wurin aikinta, har aski na yi.

Mu takwas ne a bayan buɗaɗɗiyar mota, Auta a tsaye cikin kaki tana bayani. Ga ɓauna, ga gwanki, ga birai marasa mutunci da suka kusa tafiya da hulata. Ni kuwa sai zungurar na kusa da ni nake: "'Yata ce fa." A bakin tafki muka tarar da giwaye. Can baya akwai wata matashiya tana jan ƙafa, sai ta yi taku uku ta tsaya, sauran su jira ta.

"Gurguwa muke ce mata," in ji Auta. "Tana ƙarama ta taka tarko. Kwana huɗu ta yi da shi a ƙafa kafin a gan ta."

Na ce, "Kai, mutane ba su da imani!" Wallahi da ƙarfi na faɗa. Auta ba ta dube ni ba.

Daga nan aka kai mu wani dogon ɗaki inda suke tara abin da suka ƙwace a hannun mafarauta. Wayoyi a nannaɗe, bindigogin toka, da tarkunan ƙarfe masu haƙora a rataye jikin bango. Shugaban masu gadin dajin, wani dogo mai furfura a saje, yana tsaye daga ƙofa. Wani ma'aikaci ya sauke tarko ɗaya zai nuna mana yadda yake kamawa. Ya ja da hannu, ya ƙi. Ya sa gwiwa, ya ƙi. Yana ta nishi, yana murɗa ƙarfen yadda ba a murɗa shi.

Raina ya ɓaci. Maƙeri ba ya iya kallon ana wulaƙanta ƙarfe.

"Kai, za ka karya shi! Ba ni nan."

Na ajiye shi ƙasa, na taka kunnuwansa biyu, baki ya buɗe lakwas. Na saƙala harshen da ke riƙe bakin, na ɗora faifan da dabba ke takawa. "Ka gani? Ai da gangan na lanƙwasa harshen nan ciki, don ko ƙaramar dabba ce ta..."

Baki shi ke yanka wuya. Na sunkuya, ga zane uku a gindin tarkon suna kallona. Shekarun baya wasu mutane sukan zo su ce aladun daji na cinye musu gona, in ƙera musu. Ban taɓa tambaya ba, don na san amsar. Wace gona ce take buƙatar tarko mai faɗin faranti?

Shugaban ya dubi tarkon, ya dubi wuƙar da ke ɗamarar Auta. Zanen na nan a ƙotarta, kowa na gani. Na so ƙasa ta tsage in shige. 'Yar mai ƙera wa ɓarayin daji tarko, wa zai bar ta tana sanin inda dabbobi ke shan ruwa?

Da baƙi suka fita na bi shugaban har barandar ofis, na cire hula, na durƙusa. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba tun rasuwar mahaifina.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Yarinyar nan ba ta san komai ba. A yi mini duk abin da za a yi, amma a bar mata aikinta."

"Tashi, Baba," ya ce. "Wa ya ce maka ba ta sani ba? Ranar da ta fara aiki ta shiga ɗakin tarkunan nan, ta ware guda goma sha ɗaya masu zanenka, ta kawo mini da wuƙarta ta ajiye a kan tebur. Ta ce aikin mahaifinta ne, in zan kore ta in kore ta tun yanzu. Aikinta na nan."

Ashe wata biyu da rabi tana kirana a waya, tana tambayar ciwon bayana, da wannan abu a cikinta. Wannan ya fi mini zafi fiye da a ce an ɗaure ni.

Na same ta a ɗakin tarkuna. Na kasa haɗa ido da ita. Na ce ta samo mini guduma da kurfin saran ƙarfe. Ta kawo, na kwaso tarkunan nan goma sha ɗaya. Na zauna a gindin bishiya da sabuwar rigata, ina sare haƙora, ina karya harsuna, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe ne mai kyau, bai karyu da sauƙi ba. Na gama goma, na miƙa hannu ga na ƙarshe, sai ta dafe shi.

"Bar wannan, Baba. Shi muke nuna wa 'yan makaranta."

"Me ya sa shi?"

"Shi aka cire daga ƙafar Gurguwa."

Ta ɗauka ta mayar da shi bango, zanen yana fuskantar ƙofa.