Tukwanen Ƙarƙashin Gado

Gidan Ya Kaltum da mijinta a unguwar Gwange shi ne gida na uku da aka riƙe Hajara tun da yaƙi ya koro ta daga Bama tana 'yar shekara goma sha biyu. Gida biyun farko ba su zalunce ta ba, sun dai gaji ne suka miƙa ta gaba. Abin da ta koya ke nan: ka yi aiki, ka yi godiya, kada ka saki jiki.

Shekara takwas tana gidan, amma har yau sai an ce ta zauna take zama. 'Ya'yan gidan uku, duk maza, suna kiran uwarsu Ya. Ita kuwa Hajiya take cewa, sai ka ce baƙuwar da ta zo gaisuwa.

Sai ga Mikail, mai ɗinkin hula a Shehuri, mutum mai haƙurin tsiya. Wata bakwai yana zuwa zance tana ba shi amsa guntu-guntu, bai fasa ba. Tana son shi, son kuma tsoro yake ba ta.

Ran nan da la'asar a zaure ya ce, "Hajara, wurin wa zan turo magabatana?"

"Ba ni da kowa," ta ce. "Nan riƙona kawai ake yi."

Ya daɗe yana juya hular da ke hannunsa. "To, ni dai ba zan ɗauke ki a titi ba. Ki yi tunani."

Bayan ya tafi ta juyo, sai ga Ya Kaltum tsaye da tsintsiya a bakin ƙofa. Ashe ta ji komai. Washegari da hantsi Ya Kaltum ta kira ta ɗaki.

"Bayana na ciwo. Jawo min kayan da ke ƙarƙashin gadon nan."

Hajara ta durƙusa ta yi ta jawowa. Tukwane ne da kwanuka da kuloli, sababbi fil, wasu ko takardarsu ba a ɓare ba, irin waɗanda uwa ke tara wa 'yarta da kaɗan-kaɗan kafin aure.

"Hajiya, na wa ne?"

"Na ɗana Babagana ne, shi za a kai ɗakin miji," in ji Ya Kaltum cikin gatse. "Ke, mace nawa gare ni a gidan nan?"

Can ƙurya akwai wata tukunya da murfinta ya fara tsatsa. Hajara ta rungume ta.

Ya Kaltum ta ce, "Wannan a watan da kika zo na saye ta. Lokacin ko magana ba kya yi mana."

Kunya ta kama Hajara, kuka ya ƙwace mata. Da ƙyar ta ce, "Da a ce ni ma an miƙa ni gaba fa?"

"Wa zai miƙa ki? Ni?" Ya Kaltum ta ja tsaki, ita ma tana goge ido da bakin gyale. "Tashi ki kira yaron mutane. Ki ce ya turo wurin babanki ranar Asabar."