Matar da Kika Ba da Labarinta

…ai ban kama suna ba, haka za ki ce. Na san haka za ki ce, Indrani Akka. "Haba Nangi, ƙanwata, wa ya ji na kama suna?" Da wannan muryar taki mai sanyi kamar ruwan randa.

Shaƙa. Saki. Shaƙa…

"A lura da numfashi a bakin hanci," kike cewa daga can gaba, gindin mutum-mutumin Buda. Ina lura. Da zafi yake shiga, da zafi yake fita. Ido a rufe, ƙafa a naɗe, farin zani irin na kowa. Ranar cikar wata ce, matan garin nan kaf suna zauren gidan ibada, tabarma na gogar tabarma. Kuma ba mai lura da numfashinta. Ni ake kallo. Idanunsu a rufe, amma ina jin su a ƙeyata.

"Wata mata," kika ce ɗazu a jawabinki, kafin a rufe ido. "Wata mata ta zo min tana kuka. Ɓarin jikin mijinta ya shanye, ita ke juya shi, ita ke wanke shi. Ta ce akwai safiyar da take tsayawa a bakin ƙofar ɗakinsa tana fatan kada ta ji numfashinsa." Sai kika dakata. Kin iya dakatawa, tun muna makaranta kin iya. Sannan kika ƙara: "Ta ce in ya kaɗa ƙararrawar keke da aka ɗaura masa a jikin gado, ji take kamar ta faɗa gonar shinkafa da gudu, ba dawowa."

Ƙararrawar keke, Akka.

Gida nawa ne a garin nan ake kiran mace da ƙararrawar keke? Wa ya taɓa bi ta layinmu bai ji ta ba? Mai burodi ya santa. Mai kifi ya santa, har tsokanata yake yi: "Uwar gida, motarki ta tsaya, fasinja na kira." Da kin tashi kin nuna ni da yatsa ma ya fi—aƙalla da na san abin da zan yi da fuskata.

Mallika na hagu da ni, gwiwarta dab da tawa. Yayar mijina. Ina jin ƙamshin man kwakwar da ke kanta. Da kika ambaci ƙararrawa numfashinta ya tsaya cak, na ji. Ke kika koya min sauraro irin wannan.

Fushi. Fushi. Haka kika ce a yi: in ya zo a kira sunansa, a dube shi, a bar shi ya wuce. "Baƙo ne, Nangi. Ki gaishe shi, amma kada ki ɗora masa ruwan shayi." Na yi dariya ranar. Dariyar farko tun da mijina Wimalasiri ya faɗi a tashar mota, aka kawo min shi rabi mutum rabi buhu. To ga baƙon ya zo yau. Bai tsaya gaisuwa ba, ya shige har ƙurya ya kwanta a gadona.

A bakin rijiya kika same ni ina wankin zanen gadonsa, hannuna duk ya yi fari ya motse. Kika tsaya kina kallona, lema a hannu.

"Piyasili, kin koma busasshen kifi. Ki zo zaman natsuwa ranar Asabar."

"Wa zai duba shi?"

"Ba gishiri ba ne, ba zai narke ba kafin ki dawo."

Na zo. Me ya sa na zo? Don ke ce. Akka nake ce miki, wato yaya, ba don ciki ɗaya ba, don ke kika riƙe hannuna ranar da aka fara kai ni makaranta, ke kike raba min ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono, babban ɓarin nawa. Ko rijiya kika ce in shiga… Kuma zaman ya yi min amfani, abin da ke ƙona ni ke nan. A zama na biyu ko na uku na gane ashe kafaɗuna a ɗage suke har kunne, shekara da shekaru, ban sani ba. Na sauke su. Na yi kuka ba sauti. Na koma gida na ji ɗanɗanon shinkafa.

Sauro a wuyana. Kada a kashe, yau ranar kiyaye rai ce. Sha, ɗan'uwa. Kai dai jini kawai kake ɗauka, ba ka kai wa kowa labari.

Ranar nan a bayan itacen Bo mai tsarki na gidan ibada, muna share ganye, kowa ta watse. Ni na fara? A'a, ke kika fara. "Akwai abin da kike riƙewa, ina ganinsa a muƙamuƙinki." Na ce ba komai. Kika jingine tsintsiya. "Abin da aka faɗa a gindin itacen nan, a nan yake kwana." Sai bakina ya buɗe da kansa. Abin da ban taɓa faɗa wa matashin kaina ba. Ina faɗa ina jiran ƙasa ta tsage… ba ta tsage ba. Kika kama hannuwana biyu kika ce, "Ba ke ba ce, Nangi. Tunani ne. Gajimare ne, ke ce sararin." Na koma gida kamar an sauke min tulu daga ka. Na dama masa kunun ganye da madarar kwakwa, ina ba shi ina waƙa. Ya dube ni da idon nan ɗaya mai motsi, ɓarin bakinsa ya ɗaga.

Ashe ajiyewa kika yi. Kamar yadda ake ajiye kwanon tangaran mai kyau, sai baƙi sun zo.

Sun zo kuwa. Mutanen birnin Kolombo, a sahun gaba, fararen kayansu ko ƙura ba ta taɓa ba. Da wayar nan da aka kafa a kan sanda tana ɗaukar ki. Kina bukatar misali mai taɓa zuciya, ko? Labaran littafi sun tsufa, kowa ya ji su. Sai nawa, sabo, da ɗuminsa. Har kika rufe da cewa, "Matar nan yau ta sami farin cikinta." Na ji wata a gaba ta ja majina. Sun ji daɗin labarin. Labari ne mai kyau, ni ma da na wata ne da na yi hawaye.

Ina wayar za ta kai shi? Wa da wa…

A'a. Ba su ne damuwata ba. Mijina ne.

Jikinsa ne ya mutu, kunnensa garau. Tsofaffin direbobi abokansa suna zuwa ranar Lahadi, su zauna a bakin gado suna taunar ganye da goro, suna ba shi labarin gari kaf, don sun san ba ya iya katse su. Matansu suna zauren nan. Kafin Lahadi… Wani zai saki baki, ko ya yi shiru irin shirun da ya fi magana. Kuma Wimalasiri ba zai iya tambayata ba. "Piya…" nan sunana yake tsayawa a bakinsa. Zai dube ni kawai. Na san shi. Mutumin da ya tuƙa mota daga Kurunegala har gida da karyayyen yatsa don kada ya ce wa yaron mota karɓe ni. Zai daina kira. Zai kwanta cikin jiƙa tun safe har rana ta take, ya haɗiye ƙishirwa, ba zai miƙa hannun nan mai rai ga ƙararrawar ba. Don ya sauƙaƙa min.

Ba waliyyi ba ne, yana da ihu, yana da kwalba ranar albashi. Amma a bayan keken da aka ciro wa ƙararrawar nan ya goya ni zuwa bakin tafki muna sababbin aure, yana kaɗa wa shanu ƙararrawa su ba amarya hanya. Wannan ban faɗa miki ba. Da na faɗa, da kin saka? Bai dace da darasin ba, ko?

"Yanzu fatan alheri," kike cewa. "A fara da kai. In zauna lafiya. In sami farin ciki. In rabu da wahala."

In zauna lafiya. Leɓena na motsi, ya saba.

"Yanzu a kawo fuskar wanda ake ƙauna, wanda ya taɓa yi mana alheri."

Kada ki zo. Kada… Ga ki. Da kitson makaranta biyu da jan ƙyalle, barkono a gefen baki. Ga ki ranar da aka ƙona gawar innata, ke kaɗai kika lura ban ci komai ba. Watanni ina wannan zaman, duk sanda aka zo nan fuskarki ce ke zuwa, ban taɓa neman wata ba. Ki zauna lafiya. Na faɗa. Ya fita kafin in kama shi.

"Yanzu wanda ya ɓata mana. A hankali. Ba dole."

Ke ce dai. Ko motsawa ba ki yi ba. Fuska ɗaya, wurin zama ɗaya. Me ake yi in haka ta faru, malama? Wannan ba ki koyar ba.

Ko kin manta ne cewa sirri ne? Ko mutane da yawa sun yi miki kuka a bayan itacen nan har labaran sun cakuɗe, ba ki san na wa da na wa ba? Wanne ya fi ciwo—ki sani ki yi, ko ki manta ni ce? Ko kuwa a ranki taimako kika yi: a fasa ƙurjin a gaban kowa ya huce. Wa ya ba ki? Ƙurjina ne. Nawa.

Da ba don abin da kika koya min ba, da tuni na miƙe na yi ihu a zauren nan, na kifar da tiren furannin da ke gaban Buda. Hannunki ne ya soke ni, kuma hannunki ne ke riƙe da ni a zaune. Ko ihun ma kin ƙwace.

Ƙafata ta mutu. Haka Wimalasiri yake ji kullum, ɓari guda?

"Sadu… sadu… sadu…" Zaure ya amsa da kalmar rufe addu'a, an gama. Tabarmi na motsi, gwiwoyi na ƙara, wata na neman takalminta tun ba a tashi ba. Ban buɗe ido ba.

Hannu a gwiwata. Busasshe, mai nauyi. Mallika. Matar da tun da na shigo gidansu ba ta taɓa yaba miyata ba. Bakinta dab da kunnena.

"Piyasili. Daga gobe ni zan riƙa ba shi abinci da magani. Ke ki huta."

Da magani.

Tausayi ne? Ko tsoro take ji kada in… Hannun bai matse ba, bai sassauta ba, yana nan kawai. Muryar ba ta karkata ko'ina ba. Ƙanenta take karewa daga gare ni, ko ni take ɗauke wa kaya? Wataƙila ita ma ba ta sani ba. Wataƙila duka biyun.

Kuma jikina, maras kunya, bai jira amsa ba. Da jin "ki huta" wani abu ya saki a ƙirjina. Safiya guda ba cokali, ba haɗiya da ƙyar, ba goge haɓa… Na ji daɗi. An tozarta ni a gaban gari, ana zargina ko ana tausaya min ban sani ba, ni kuwa daɗi na ji, har barci na fizgata a zaune.

Ya kamata in faɗa wa wani wannan, ya yi min nauyi. Har na fara shirya yadda zan faɗe shi, kalma bayan kalma, yadda za ki gane…

Yadda za ki gane. Ke.

Ba ni da wata, Akka.