Tabarmar Baba Direba

"Ba-Birki! Kai, Ba-Birki! Zo ka ja ni, na faɗa rami!"

Ina goge baki a bakin famfo na jiyo muryar Baba Direba. Ɗakinsa manne yake da namu, bango ɗaya ne tsakani, ko tari ya yi Innata sai ta ce masa sannu daga inda take. Na tura ƙofar da buroshi a bakina. Na same shi a ƙasa, gwiwa biyu hannu biyu, a kan wata tabarmar roba shuɗiya. Wayarsa tana jingine da ƙafar kujera, wata mata a ciki tana magana da Turanci a hankali kamar mai lallashin jariri.

"Baba, faɗuwa ka yi?"

"Sauka na yi. Hawan ne ya gagara. Tofar da kumfar nan ka kama ni ta hammata."

Sai da na yi nishi kafin na ɗora shi a bakin gado. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana jan babbar mota, zama ya cinye masa ƙugu da gwiwa. Tun da ya zame a banɗaki shekara huɗu da suka wuce, bayan rasuwar matarsa, bai ƙara zama a ƙasa ba. A kujera yake cin abinci, a kujera yake sa takalmi. Shi ya raɗa mini Ba-Birki, don na bar makaranta a aji uku, na yi wata biyu a gyaran waya, sati uku a wankin mota, kwana tara a shagon kafinta.

"Wannan kuma mene ne?" na ce.

"Yoga. Uwata ce ta aiko da tabarmar, likita kuma ya ce in gwada, wai gaɓoɓina sun yi tsatsa."

Uwata ita ce 'yarsa tilo, tana aure can nesa, tafiyar jirgi. Ya karɓi wayar ya lalubo wani bidiyo da babban yatsansa mai kauri. Jikansa ne, yaro ɗan shekara biyu, kwance rub da ciki, yana tura silifa yana ƙugin inji da baki.

"Fasinjana ke nan. Ka ga yadda yake shan kwana? Jini ne." Ya sake kunnawa, muka ƙara kallo. "Nan da sati shida za su zo. Ban taɓa riƙe shi ba. To shi a ƙasa yake harkarsa. In ina kan kujera, gwiwata kaɗai zai sani ya koma. So nake in sauka in zauna da shi, in kuma tashi da kaina, ba sai uwarsa ta kira maƙwabta ba."

Ya dube ni. "Kana jin Turancin matar nan?"

"Na aji uku."

"Ya ishe mu. Ni na bakin titi ne da ni. Gobe in rana ta taɓa tagar nan ka zo."

Haka muka fara. Ni ne mai riƙe waya, mai fassara, mai jan mota in ta maƙale. Da na ga tsayuwa kawai tana gundura ta, sai na shimfiɗa tawul a gefensa ina yi tare da shi. Satin farko da kujera da bango muka yi ta fama. Matar waya ta ce a ja numfashi ta hanci, a ɗaga hannu sama, a sauke a hankali. Baba ya ce ai wannan ko ɗan sanda ya sha sa shi.

"Yau kuma wace dabba ce?" Da haka yake tarbata kullum. Mun yi mage, mun yi saniya. Ran da muka zo kan kare, ya dafa kujera ya turo baya, ya leƙo ni ta ƙarƙashin hammatarsa.

"Shekara arba'in ina kauce wa karnuka a titi, yau ga ni na zama ɗaya."

Mai Guga, da shagonsa ke bakin ƙofar gidan, ya leƙo ta taga da riga a kafaɗa. "Baba, da tsufanka ka koma rarrafe?"

"Kai da ƙuruciyarka taɓa yatsan ƙafarka mu gani."

Mai Guga ya sunkuya, tumbi ya tare shi a gwiwa. Innata da ke shanya ta yi dariya har ta saki zani a ƙasa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne na ƙarshe. A kwanta rigingine, a saki hannu da ƙafa, a rufe ido minti biyar. Na ji sunan da matar ta kira shi, kwanciyar gawa, amma ban fassara ba. Baba ya sa masa suna fakin. Shi kam gwani ne a nan. Ni kuwa kafin minti ɗaya ƙafata ta fara rawa, hancina na ƙaiƙayi, ina tuna wuraren da ya kamata a ce ina can.

"Kana jijjiga kamar inji ba bel," ya ce, idonsa a rufe. "Direban da bai iya fakin ba, bai iya tuƙi ba."

"Baba, me kake tunani in ka yi shiru haka?"

"Akwai wata gada da nake wucewa da sassafe, hazo a kan ruwa. Kullum sai in ce wata rana zan tsaya in duba. Ban taɓa tsayawa ba, kaya na jira." Ya ja numfashi. "Uwata ta fara tafiya ina kan hanya. Ta fara magana ina kan hanya. Sai dai uwarta ta ba ni labari. Kwanta, Ba-Birki, saura minti uku."

A sati na uku ya iya sauka har ya zauna shi kaɗai: hannu a kujera, gwiwar dama, gwiwar hagu, sannan ya zauna daɓas. Ya shafa simintin da tafin hannu kamar ya gamu da tsohon aboki. Tashin ne dai ya ƙi. Ya kafa ƙafa ɗaya, ya dafa cinya, ya yunƙura, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ya koma.

"Giya ɗaya ce ba ta shiga. Ja ni."

A wannan satin ya aike ni wurin kafintan da na gudu daga shagonsa, aka yi masa motar katako mai taya shida. Da kansa ya shafa mata koren fenti irin na tsohuwar motarsa, ya ɗora ta kan kwaba ta bushe.

A sati na biyar ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Ban saba daɗewa ina abu ɗaya ba. Wani abokina ya kira ni, wai ana neman masu fenti a wani gini a garin da ke gaba. Na cusa riga biyu a jaka. Na tsaya a ƙofar Baba, na ji rediyonsa, ban ƙwanƙwasa ba. Na ce wa Innata ta faɗa masa.

"Bakinka ciwo yake yi?" ta ce.

Kwana biyar na yi. Aikin ba laifi, ba wanda ya kore ni. Amma kullum in rana ta taɓa bangon da nake shafawa, sai in tsaya da buroshi a hannu ina tunanin wa zai ja shi. Ranar Juma'a na sauko daga tsani na kama hanyar tasha.

Da la'asar na iso. Yana zaune a kujerarsa a bakin ƙofa, ya rame ta wajen wuya, ko kuwa a da ne ban lura ba.

"Motar da ba birki ta dawo tasha," ya ce.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Bar wannan. Ranar Talata na sauka. Na yi kusan awa a ƙasa, na kuma tashi da kaina."

"Wa ya gani?"

"Matar waya."

Na yi dariya. "Baba ke nan. Ko dai Mai Guga ne ya ja ka?"

Bai yi dariya ba. Ya kalli titi. "Gobe ka zo. Ka tsaya a bakin ƙofa, hannunka a aljihu."

Da safe na zo, hannuna a aljihu kamar yadda ya ce. Tabarmar tana shimfiɗe a gaban gado. Shi kuma yana zaune a bakin katifa, ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa singileti.

"Yau ba za a fita ba," ya ce da ƙyar. "Inji ne."

Ni da Mai Guga muka ciccibe shi zuwa tasi. Muna fita ya riƙe rigata. "Kar kowa ya naɗe tabarmar nan."

A asibiti na tare likita a baranda na tambaye shi ko yogar ce ta jawo. Ya girgiza kai. Ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, kuma Baba ya sani tun bara. Na koma na zauna kusa da gadon, an sa masa robar iska a hanci.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Da ka riƙa ja na kamar kwandon ƙwai." Ya ɗan murmusa. "Kai ma ai ka ɓoye mini sunan fakin. Uwata ta faɗa mini tun ranar farko."

'Yarsa ta matso da tafiyarta. Rana ta uku ta iso da rana tsaka, daga jirgi kai tsaye, da yaron a kafaɗa. Ta durƙusa a gefen gadon tana kuka ƙasa ƙasa. Yaron ya kalli robar hanci, ya kalli jakar ƙarin ruwa, ya cusa fuska a wuyan uwarsa.

"Fasinja," in ji Baba. "Kai, Fasinja. Ga direbanka."

"Gaida Kaka mana," ta ce. Yaron ya ƙanƙame ta, ya fara kuka.

"Ƙyale shi, Uwata. Ba haka na tsara ba. Gadon nan ya yi tsawo." Ya miƙa hannu ya kama ɗan tafin ƙafar yaron, ya riƙe har sai da nas ta ce a fitar da shi.

Washegari da safe, daidai lokacin da rana take taɓa tagarsa a gida, ya rasu. Ina wurin. Hannuwansa suna gefensa a sake, tafin yana kallon sama. Na daɗe ina jiran ya ce saura minti uku.

Bayan kwana huɗu, da mutane suka ragu, 'yarsa ta buɗe ɗakin don ta tattara kaya. Ta kira ni in taya ta. Innata ta zo da tsintsiya. Komai yana nan yadda muka bar shi: kofin shayi a kan rediyo, takalmi a ƙarƙashin kujera, tabarma a gaban gado. Kan kwaba ne kawai ba komai.

"Ƙanena, ya yi amfani da ita kuwa?" ta ce, tana nuna tabarmar. "A waya kullum sai ya ce mini yana yi, ban sani ba ko don ya faranta mini ne."

"Kullum yana yi, Yaya. Sauka ya iya. Tashin ne..." Ban ƙarasa ba.

Ta sunkuya ta kama bakin tabarmar ta fara naɗewa. Sai ta tsaya.

A kan simintin akwai titi, an zana shi da alli. Layi biyu ne, da ɗigo-ɗigo a tsakiya. Ya ɗan goge a inda tabarmar ta danne, amma ana ganin komai. Ya miƙe, ya sha kwana, ya haye wata gada da aka zana wa ruwa a ƙarƙashi, sannan ya shige ƙarƙashin gado.

Innata ta dafe baki. "Ashe abin da ya sa ya aike ni alli ran Litinin ke nan. Na ce masa makaranta zai buɗe?"

Na kwanta rub da ciki na leƙa. Can ciki, kusa da bango, inda sai wanda ya kwanta a ƙasa hannunsa zai kai, koriyar motar tana ajiye tsaf a cikin wani akwati da aka zana mata da alli. Ba Mai Guga ne ya ja shi ba. Ranar Talata ya yi awarsa a nan, ya tashi, ya rufe aikinsa da tabarma don kar tsintsiya ta ci, ya koma kujera yana jiran wanda zai nuna wa.

Na jawo motar na ɗora ta a farkon titin. 'Yarsa ta zauna a bakin gado da naɗaɗɗiyar tabarmar a ƙirjinta. Yaron, da tun ɗazu yake laɓe a bayan zanin uwarsa, ya leƙo. Ya tako, ya tsuguna, ya taɓa taya ɗaya da yatsa. Sannan ya kwanta rub da ciki.

Na zauna a ƙasa na harɗe ƙafa, a wurin da tawul ɗina yake zama. Ya tura motar yana ƙugi da baki. A kan gadar ya tsaya, yana kallon ruwan allin, ya daɗe. Daga nan ya sha kwana, ya bar titin, ya nufo ni, ya hau gwiwata da motar a hankali. Ban motsa ba.