Iskar Cikin Tanki

Mufeeda tana tsaka da canza wa tsohuwar da take jinya zanen gado a Gaithersburg sai wayarta ta yi ƙara. Wani mutum ne da Turanci mai sauri. Abin da ta tsinta kawai sunan mijinta, da asibiti, da Baltimore. Ta ce masa ya yi kuskuren lamba, domin Faizal yana tsakiyar teku. Mutumin ya ce jirginsu ya iso tun jiya, yana tsaye a wajen tashar jiragen ruwa yana jiran a ba shi wurin sauke kaya, kuma da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauko mijinta.

Ta kira Lizzy, abokiyar aikinta, ta karɓe ta. A hanya ta wuce mahaɗar da ya kamata ta bi, sai da ta yi nisa ta gane, ta juyo.

Faizal ya fara aikin jirgin dakon mai tun suna Accra, kafin a haifi 'yarsu Haleema, wadda yanzu take jami'a. Shi ke kula da famfuna da tankuna. A gida mutum ne da ba ya barin kowa ya hau kujera ya canza ƙwan lantarki sai ya riƙe masa ƙafar kujerar. Saboda haka duk tsawon hanya Mufeeda ba ta tambayar kanta me ya yi, sai dai wa ya yi masa.

A asibiti wani mai kwat da kati rataye a wuya ya tare ta. Ya ce sunansa Kenneth, daga kamfanin jirgin. Ya ba ta ruwa a kofin roba, ya ce Faizal yana raye, likitoci suna kansa. Sannan ya yi mata bayani a hankali: mijinta ya sauka cikin wani tanki da aka wanke don ya duba bawul ɗin bututu, babu isasshiyar iskar shaƙa a ciki, ya faɗi. Na'urar gwada iska da ya kamata ta kasance a ƙirjinsa an same ta rataye a bakin tankin.

Mufeeda ta ce ba zai yiwu ba. Kenneth ya gyaɗa kai, ya ce su ma abin da ya ɗaure musu kai ke nan, don a watan jiya Faizal ya sabunta horonsa, kuma shi ne ke koya wa sababbin ma'aikata wannan doka. Bai yi kama da mai ƙarya ba. Bai kuma yi kama da mai faɗin komai ba.

A ƙarshen baranda wani siriri yana zaune da rigar aiki mai ɗigon mai. Da ya ji ta yi salati da Hausa sai ya miƙe. Almu ne, ɗan Nijar, wanda Faizal yake yawan ambata, shi kaɗai suke Hausa da shi a jirgin. Ya rusuna ya gaishe ta, ya yi mata jaje, idonsa a ƙasa.

Labarinsa ya bambanta da na Kenneth, amma bai ƙaryata shi ba. Ya ce an gwada iskar da safe, lafiya lau. Da rana wani ya kashe fankar da ke hura tankin, har yanzu ba a san ko waye ba. Kaftin yana ta tambaya ta rediyo ko an gama, domin an matso da lokacin shigarsu tasha. Faizal ya ce minti biyu zai yi.

"Kuna tsaye kuna kallo?" in ji Mufeeda.

"Hajiya, mu huɗu ne a wurin. Da wani ne, wallahi da mun riƙe shi. Amma Malam Faizal ne. Da na ga ya rataye na'urar, sai na ce a raina ya san abin da ban sani ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta so ta yi fushi da shi, ko da kaftin, ko da mai kashe fanka, amma duk wanda ta kama a zuciyarta sai ya suɓuce.

Sai Almu ya ƙara rage murya. Ya ce da Faizal ya faɗi, Joel bai jira an kawo tulun iska ba, ya bi shi ciki. Mufeeda ta san Joel. Ɗan Filifin ne, sa'an mijinta, sun daɗe a jirgi ɗaya, ya taɓa cin waakye, wato shinkafa da wake, a falonta yana share gumi yana neman ƙari. Joel ya ja Faizal har gindin tsani, inda ɗan iska ke sauka, shi kuma ya faɗi can gefe. Da aka fito da su, Faizal yana numfashi. Joel ba ya yi.

Mufeeda ta zauna a kujerar da Almu ya tashi daga kai. Ta ga kofin ruwan yana hannunta har yanzu, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Wajen la'asar likita ta fito. Ta ce ya farfaɗo, yana magana, ba su ga alamar ƙwaƙwalwa ta taɓu ba, amma zuciyarsa ba ta daidaita ba tukuna. Ta roƙi kada a gaya masa wani abu mai nauyi yau.

Faizal yana kwance da roba a hanci, ya yi ƙanƙanta a gadon. Ya kira ta Maman Haleema, ya tambaye ta yadda aka yi ta shigo jirgi. Ta gaya masa inda yake. Ya ɗaga ido ya kalli silin.

"Me ya sa ka cire na'urar?" Ba ta yi niyyar tambaya ba, maganar ce ta fito.

Ya ce tana maƙale masa a tsani idan yana sauka. Ya ce ya shiga tankin nan ya fi a ƙirga, ya san shi kamar ɗakinsu. Ya ce bai ji warin komai ba. Sannan ya juyo ya dube ta da fuskar da ba ta taɓa gani ba, ta mutumin da ake ba shi labarin wani.

"Ban sani ba, Maman Haleema."

Nas ta leƙo ta ce lokaci ya yi. Mufeeda ta gyara masa bargo, ta ɗauki jakarta. Har ta kai ƙofa ya kira ta, muryarsa ta ɗan dawo irin ta aiki.

"Ki sa a gaya wa Joel, kada ya bar kowa ya shiga tankin nan sai an sake gwadawa. Kowa, ko kaftin ne."

Ta ce to. Ta ja ƙofar a hankali.

A baranda Almu ya miƙe tsaye, Kenneth ma ya matso, kowannensu yana jiran ya ji abin da ya ce.