Dutsen Kuza a Tekun Kausar

Duk layinsu a Kwararafa an san Kausar da abu guda: ita ce matar da ke kiwon teku a falo. Akwatin gilashi ne mai tsawon kamu biyu, da ruwan gishiri, da kifi uku, da murjani mai rai guda ɗaya. Maƙwabta kan leƙo su ce su dai murjanin da suka sani na wuya ne, wannan kuwa ya fi kama da kabeji. Ita ko a jikinta. Shekara uku tana renonsa tun yana kamar kan ɗan yatsa, har ya kai faɗin tafin hannu, kore shar, yana buɗe 'yan yatsunsa da safe.

Sai ga shi ya fara fari daga gefe, ya ƙi buɗewa. Ranta ya ɓaci sosai, amma Kausar ba mai zama ta yi tagumi ba ce. Ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare take kula da shi, ta saba da bin abu daki-daki.

Sanyin Jos ta fara zargi, don shi ne tsohon abokin gabarta. Ta duba ma'aunin zafi, hitar ɗumama ruwan na aikinta. Ta auna gishiri, daidai. Ta rage hasken fitila, ta canja sulusin ruwan, ta wanke matata. Kwana biyar, farin sai ƙara ci yake yi.

"Ki bar shi mana," in ji mahaifiyarta, Inna Maimunatu, wadda ta dawo wurinta da zama bayan rasuwar baban Kausar, Malam Jika. "Komai da ajalinsa."

"Ajali gaskiya ne, Inna. Amma sai na san abin da ke cinsa."

A kwana na shida ta tarar da dodon koɗi biyu, masu lashe mata gansakukar gilashi, sun kife sun mutu, kifaye kuwa na ta wasansu. Nan ta yi tsaye. Abin da ke kashe dodon koɗi da murjani ya ƙyale kifi, ai ƙarfe ne ke narkewa a ruwa, musamman tagulla. To daga ina? Ruwa ba ya tsami banza.

Ta naɗe hannun riga ta shiga ɗaga duwatsun da ke cikin akwatin ɗaya bayan ɗaya. A can baya, inda ido ba ya kaiwa, hannunta ya taɓo wani dutse mai nauyin da ya fi girmansa. Baƙi ne, mai ƙyalli, da tsatsa kore-kore irin ta tagulla a jikinsa. Tun kafin ta fito da shi ta gane shi. Dutsen kuzar babanta ne, wanda ya haƙo a ramukan Bukuru yana saurayi, ya ajiye shi a akwatinsa shekara arba'in.

Ta juyo, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunta. Inna na zaune a kan tabarma, ta sunkuyar da kai tana jan carbi.

"Inna?"

"Ni na sa." Muryarta ta yi ƙasa. "Ran da aka yi sadakar shekara. Babanku kullum cewa yake zai kai ki ki ga teku, shi kansa bai taɓa gani ba har tarin nan ya tafi da shi. Na ce tunda ga tekun ya zo gida, bari ko dutsensa ya shiga. Dutse ne fa, Kausar. Na ga duk duwatsu ne a ciki."

Ta fasa faɗan da ta tanada. Tausayi ya kama ta, na Inna da na babanta, har idonta ya cika. Ta durƙusa gabanta da dutsen a hannu.

"Kuza ta ci ƙirjin Baba, Inna. Ba zan bar ta ta ci wannan ma ba."

Ranar ba ta zauna ba. Ta haɗa sabon ruwa bokiti-bokiti, ta zuba gawayin tace ruwa a matata, ta yanke gefen da ya mutu da reza. Inna da kanta ta riƙe mata tiyo. Haka suka yi ta yi bayan kowane kwana biyu, har mako uku.

Wata safiya Inna ce ta ƙwala mata kira daga falo. A tsakiyar murjanin, inda sauran kore ya rage kamar faɗin kwabo, 'yan yatsu huɗu sun buɗe suna kaɗawa.

Dutsen kuwa Kausar ta wanke shi tas, ta ɗora shi a kan teburin daga waje, ta jingina shi da gilashin, daidai saitin murjanin. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa hannu ta ɗan gyara masa zama.

"Daga nan ma yana gani," in ji ta.